Yadda ake binciken ƙumar dabbobin dawa a kan tsaunuka

Ƙuma tana shan jini a jikin dabba, amma ba a nan take tasowa ba. Ƙwanta ba ya mannewa da gashi, zubewa yake yi cikin sheƙa ko ramin da dabbar ke kwana. A can yake ƙyanƙyashewa ya zama 'yar tsutsa marar ƙafa, mai cin dattin sheƙa da busasshen jinin da manyan ƙuma ke kasayarwa. Tsutsar tana saɓa sau biyu, ta saƙa wa kanta ƙwanso, sannan ta fito ƙuma. Zafi da bushewa ne ajalin wannan tsutsa: idan laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100, yawancinsu ba sa kai labari. Shi ya sa tsauni ya bambanta da fili. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da wajen digiri 6, ƙasa kuma ta fi riƙe danshi, don haka ramin ɓera a kan tudu kan ɗauki nau'o'in ƙuma da ba a samu a gindin dutsen.

Nau'in ƙuma da aka sani a duniya ya kai wajen 2,500, kuma mafi yawansu a jikin dangin ɓera suke. Abin da ke kai ma'aikatan lafiya da na dabbobi kan duwatsu su kama su shi ne annobar ɓeraye, wadda ƙwayar Yersinia pestis ke haddasawa, ƙuma kuma ke ɗaukar ta daga ɓera zuwa mutum. Wuraren da cutar ta yi kaka-gida a Afirka galibi tuddai ne: tsakiyar Madagaska sama da mita 800, gundumar Lushoto a tsaunukan Usambara na Tanzaniya inda ta kama dubban mutane daga 1980 zuwa farkon shekarun 2000, yankunan Arua da Zombo a Yuganda musamman sama da mita 1,300, da lardin Ituri a Kwango. A Asiya tana jikin mamot, wani ƙaton ɗan'uwan kurege mai zama a ramuka a tsaunukan Tiyan Shan da Mongoliya, da ƙumarsa Oropsylla silantiewi. A yammacin Amurka kuwa kuregun ƙasa ne da ƙumarsu Oropsylla montana. Hanyar aikin ɗaya ce ko a ina, kuma ita ce za a bi a tudun Mambila, ko tudun Jos, ko duwatsun Mandara da na Azbin, inda ko ba don annobar ba akwai sauran ƙwayoyin da ƙuma ke ɗauka, irin su Rickettsia typhi da Bartonella.

Kafin a hau

A fara da takarda. Wurin da ke cikin gandun daji na gwamnati, kamar Gashaka Gumti, sai da izinin hukumar gandun. Wurin da yake gonaki da ƙauyuka kuwa sai an gaida dagaci ko mai unguwa an yi masa bayani, domin tarkon da aka ajiye a gonar mutum ba da saninsa ba, da wuya a same shi da safe.

Kayan da ake buƙata ga ayarin mutum uku ko huɗu: tarkon akwati na alminiyam irin na Sherman guda 50 zuwa 100 (mai tsawon wajen santimita 23 shi ne na ɓera), tarkon keji na waya guda 10 don manya irin su gafiya da kurege, jakunkunan farin yadi masu zariya aƙalla yawan tarkunan, farin baho mai zurfin santimita 30 ko fiye, mataji mai ƙananan haƙora, buroshin haƙori, hantsaki mai tsini, ƙaramin buroshin zane, 'yan kwalabe masu murfin murɗawa na mililita 2, fensir da takarda mai kauri, sikeli, ma'aunin zafi da laima, da na'urar GPS ko wayar da ke nuna tsayin wuri. Sai etanol, ruwan sinadarin da ake adana ƙumar a ciki. Wanda ake sayarwa yawanci mai ƙarfin kashi 96 cikin 100 ne. Don a mayar da shi 70, a auna mililita 730 a cika da ruwa mai tsabta zuwa lita ɗaya. Idan za a yi gwajin ƙwayar halitta a kan ƙumar, a bar wani kaso a 95 ko 96 ba tare da sirki ba.

Kariyar jiki ba abin wasa ba ce a wannan aiki, kuma a Afirka ta Yamma babban haɗarin ma ba daga ƙumar yake ba. Ɓeran nan mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, da zai fi kowa shiga tarko a gonaki da rumbuna, shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa. Saboda haka safar hannu biyu-biyu, takunkumin N95, gilashin ido, riga mai dogon hannu, a cusa ƙafar wando cikin safa, a shafa maganin korar ƙwari mai DEET a wuyan hannu da idon sawu. Ba ci, ba sha, ba goro a wurin aiki.

Zaɓen wuri da ɗana tarko

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a wuri guda mai sauƙin zuwa a ce an binciki dutsen. A raba hawan zuwa tashoshi, kowace tazarar mita 200 zuwa 300 ta tsayi, kuma a kowace tasha a ɗana a wurare uku: cikin gidaje da rumbuna, bakin gona da shingaye, sai daji ko tsakanin duwatsu. Tsakiyar nan, wato bakin gona, ita ta fi muhimmanci, domin nan ne ɓeran daji da na gida ke ratsa ramukan juna su yi musayar ƙuma.

A waje ana jera tarko a layi, 25 a kowane layi, taku goma sha biyu ko mita 10 tsakani. A sa shi a jikin dutse, gindin ciyawa, ko kan 'yar hanyar da ɓera ya taka, ba a tsakiyar fili ba. A danna shi ya zauna daram. Tarkon da ke girgiza idan an taka bakinsa, ɓera ja da baya yake yi. Abin jan hankali mafi inganci shi ne tunkuza da aka cuɗa da garin masara, curi kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, a can ƙuryar tarkon. Busasshen kifi ma yana aiki, sai dai yana jawo jaɓa da tururuwa. Inda kwarkwasa ta yi yawa a canza wuri, domin sukan cinye dabbar da ranta a cikin akwati.

A kan tudu dare yana da sanyi ƙwarai, alminiyam kuma yana zuƙe ɗumin jiki. A saka ɗan dunƙulen auduga a kowane tarko. Ba tausayi kaɗai ba ne: da zarar dabba ta mutu jikinta ya fara sanyi, ƙuma barinta take yi, kuma ɓeran da aka tarar a mace da safe lissafinsa ya lalace ko da an ga ƙuma biyu ko uku a kansa. Audugar ma za ta kama wasu ƙumar, don haka a bincike ta tare da dabbar, a ƙone ta bayan haka.

A ɗana da la'asar sakaliya, a duba da sassafe kafin rana ta taɓa ƙarfen. Dare uku a jere ya isa a tasha ɗaya. Kurege da ɓeran ciyawa na Arvicanthis da rana suke yawo, don haka tarkon da aka sa dominsu a bar shi buɗe da rana a inuwa, a riƙa leƙa shi bayan kowace awa biyu ko uku.

Duk tarkon da ya kama, a zura shi gaba ɗaya cikin jakarsa nan take, a ɗaure, a rubuta lambar tarko da ta layi. Jaka ɗaya, dabba ɗaya. Idan aka haɗa tarko biyu a buhu guda, ƙumar wannan za ta koma kan wancan, a wayi gari an rubuta wa ɓeran gida ƙumar da ba tasa ba, kuma babu yadda za a gane an yi haka daga baya.

Taje dabba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake asarar ƙuma mafi yawa. A zaɓi inuwa marar iska, nesa da gidaje, a shimfiɗa farar leda a kan tebur. Mutum ɗaya ya riƙe dabba, ɗaya ya tsinci ƙuma, na uku ya riƙe fensir kuma kada ya taɓa komai, don takardun su zauna da tsabta.

Ana sumar da dabbar da isofuluren, wani ruwan magani da ake shaƙar tururinsa. A zuba shi a 'yar auduga, a sa audugar cikin ɗan gwangwani mai huji don kada ruwan ya taɓa fatar dabbar, a sa su tare cikin kwalba mai faɗin baki da ake ganin ciki. Adadin ya danganta da girman kwalbar, kuma likitan dabbobi ne zai tsayar da shi. A zuba ido: da zarar dabbar ta kwanta numfashinta ya daidaita, a fito da ita. Maganin yana sumar da ƙumar ma, wasu za su zube a gindin kwalbar, saboda haka a juye ta cikin baho a goge ta kafin a saka wata dabba.

A riƙe dabbar a can cikin bahon, ba a samansa ba. Ƙumar da ta farfaɗo tana iya tsalle sama da taƙi ɗaya, kuma da baho marar zurfi sai dai a ga wucewarta. Wasu sukan zuba ruwa kamar yatsa biyu da ɗigon sabulu a gindin bahon, duk wadda ta faɗa ta nutse. A taje daga gindin wutsiya zuwa kai, wato a saɓa wa kwanciyar gashi, baya da ciki da gefe biyu, sannan a bi da buroshin haƙori. A hura gashin da ɗan famfon roba, ba da baki ba. Wuraren da ƙuma ke laɓewa su ne bayan kunne, ƙeya, hammata, matsematsi da gindin wutsiya. A tsayar da lokaci guda ga kowace dabba, misali minti biyu, a riƙe shi har ƙarshen aikin. Idan aka taje na farko minti biyar saboda ɗoki, na arba'in rabin minti saboda gajiya, bambancin da za a gani a lissafi na hannun mai tajewa ne, ba na dutsen ba.

Wata ƙuma ba ta zubewa ko an taje. Echidnophaga gallinacea, wadda masu kaji suka sani a kewayen idon kaza, kafa bakinta take yi a fata ta zauna, kuma ana samun ta a kunnen ɓera, kurege da bushiya. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, in ba haka ba kan ya tsinke ya zauna a ciki. Bushiya ba ta tajuwa. Sumar da ita a kan farar takarda a girgiza, a bi cikinta da buroshi.

Ba duk abin da ya faɗo ne ƙuma ba. Ƙuma a matse take ta gefe da gefe, launin ƙasa-ƙasa mai sheƙi, ƙafafun baya dogaye. Kwarkwata a baje take ta sama da ƙasa, tana riƙe gashi, ba ta tsalle. Kaska da 'yan uwanta ƙanana masu saurin gudu jikinsu a dunƙule yake, manyansu ƙafa takwas. A ajiye su, amma a kwalba dabam.

A jiƙa bakin buroshin zane da etanol a ɗauki ƙuma da shi, hantsaki yana karya ƙayoyin da za a gane ta da su. Kwalba ɗaya ga kowace dabba. A rubuta lamba da fensir a 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, domin etanol yana wanke biro da maka, kuma rubutun bayan kwalba yakan goge a jaka. Abin da za a rubuta a littafi: kwanan wata, tsayin wuri, irin wurin, nau'in dabba, mace ko namiji, nauyi, tsawon jiki da wutsiya da ƙafar baya da kunne, da yawan ƙuma. Dabbar da ba a samu komai a jikinta ba ita ma a rubuta ta da sifili, don tana cikin lissafi. Kada a manta da juye jakar yadin da kakkaɓe tarkon cikin baho.

Idan za a saki dabbar, a aske ɗan gashi a cinyarta, a mayar da ita inda aka kama ta. In ta sake shiga tarko gobe, alamar za ta nuna an riga an taje ta, kada a ƙidaya ta. Tarko kuma a wanke shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye sosai don bilic yana cin alminiyam.

Ramuka, sheƙa da ɗakuna

Wasu nau'o'in ƙuma, irin su yawancin na jinsin Ctenophthalmus, sun fi zama a sheƙa, sai su hau dabba su sha jini su sauka. Wanda ya tsaya a taje jiki kaɗai zai ɗauka ba su da yawa. Don rami, a ɗaura farin ƙyalle mai gashi-gashi, faɗin tafin hannu biyu, a bakin waya mai lanƙwasa ta mita biyu, a tura ciki, a jira rabin minti, a jawo a hankali a jefa cikin jaka. Ƙumar da ke jiran dabba za ta ɗauka ita ce ta dawo. Kada a sa hannu a rami, maciji ma yana son wurin. Sheƙar da aka tono kuwa a sa ta cikin babban mazurari mai raga, a kunna ƙwan lantarki a sama, a ajiye kwalbar etanol a ƙasa kwana biyu zuwa uku. Zafi zai kora ƙuma da tsutsotsi su gangara.

Rema, mai zama a tsagar duwatsu, yana da ƙumarsa ta musamman ta jinsin Procaviopsylla, amma kama shi da wuya. Ya fi sauƙi a ja ƙyalle a kan falalen da suke shan hantsi da bakin kogonsu, ko a shirya da maharba su jefa abin da suka harbo cikin jaka nan take. Rema ko zomon da ya yini rataye a kafaɗa ba shi da sauran amfani ga wannan aiki.

A cikin ɗaki kuma ana amfani da tarkon fitila da aka daɗe ana aiki da shi a Tanzaniya: faffaɗan tire da ruwa da ɗan sabulu, a ajiye fitila a tsakiya a kan dutse, a bar ta tana ci har safe. Abin da ya fi faɗawa shi ne ƙumar mutane, Pulex irritans, da ta kyanwa.

Gane nau'i

Da ido ba a gane nau'in ƙuma, sai da madubin likita, kuma sai an wanke cikinta. A jiƙa ta a ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) mai ƙarfin kashi 10, wato giram 10 a mililita 100 na ruwa, na dare ɗaya zuwa kwana ɗaya, har ta yi haske. Idan ta daɗe fiye da kima za ta yi fari fat, gaɓoɓin da ake nema su ɓace. A ɗauraye da ruwa, a ratsa da ita cikin etanol 70, 80, 95 da tsantsa, rabin awa kowanne, sai man kanumfari, sannan a kwantar da ita a gefenta kan gilashi cikin ƙaron Kanada, a rufe. Wadda ba ta bushe sosai a etanol ba za ta yi hazo bayan kwana biyu. Sinadarin KOH yana lalata ƙwayar halitta, don haka wadda za a gwada don neman cuta ba a saka ta ciki. A duba ta a etanol, a ware 'yan kaɗan daga kowane rukuni a ɗora a gilashi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne jerin ƙayoyi masu kama da haƙoran mataji, ɗaya a kumatu, ɗaya a wuya. Ƙumar kyanwa da ta kare suna da duka biyun. Ctenophthalmus tana da na wuya, na kumatu kuma yawanci ƙaya uku ne, idonta ya kusa shafewa. Nosopsyllus na wuya kaɗai gare ta. Xenopsylla da Pulex ba su da ko ɗaya, kuma su ne ake yawan rikitawa. A duba gefen ƙirji sama da ƙafar tsakiya: Xenopsylla tana da wani tsayayyen sanda a ciki da ya raba wurin biyu, Pulex ba ta da shi. Gashin da ke kusa da ido kuma a gaban ido yake a Xenopsylla, a ƙarƙashin ido a Pulex. Raba Xenopsylla cheopis, ƙumar ɓeran da ta shahara wajen yaɗa annobar, da Xenopsylla brasiliensis kuwa sai an dubi siffar jakar ajiyar maniyyi a cikin mace, ko gaɓoɓin bayan namiji. Cheopis ɗin nan daga Shendi ta Sudan aka fara bayyana ta a 1903. Duk ƙumar da ba ta dace da jadawalin gane nau'i da ke hannu ba, kada a tilasta mata suna. Tsaunuka sukan ɓoye nau'in da babu shi a wani wuri, kamar Synopsyllus fonquerniei da ba a samu sai a Madagaska.

Lissafi da abin da yake nufi

Ma'auni uku ake fitarwa ga kowane nau'in dabba, a kowace tasha. Na farko, jimlar ƙuma a raba da yawan dabbobin da aka taje. Na biyu, haka nan amma ga nau'in ƙuma guda. Na uku, kashi nawa cikin ɗari na dabbobin ke ɗauke da ƙuma. A ce an taje ɓera 40 aka sami cheopis 60, ma'auninta 1.5 ke nan. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita ita ce, a yankin da annobar take, ma'aunin cheopis da ya haura 1 alamar haɗari ce. Sai dai a yi hattara, ƙuma ba ta rabuwa daidai: mai yiwuwa 45 daga cikin 60 ɗin a jikin ɓera uku suke. Shi ya sa ma'auni na uku ya zama dole, kuma lissafin da aka gina a kan dabba biyar ko shida ba abin dogaro ba ne.

A haɗa da yawan kamu: tarko 50 dare uku ya zama ɗani 150, idan aka kama 30, kashi 20 cikin 100 ke nan. Ma'aunin ƙuma yakan tashi ba don ƙuma ta ƙaru ba, sai don ɓeraye sun ragu, ta taru a kan 'yan kaɗan da suka saura. A tuddan Madagaska haka abin yake wajen Satumba zuwa Nuwamba: fonquerniei ta yi yawa a ɓerayen waje daidai lokacin da ɓerayen suka ragu, kuma a nan ne cutar ke fara bayyana a mutane. Zuwa sau ɗaya a shekara ba ya nuna wannan, sai an koma da damina, da sanyi, da bazara. Zafin wurin ma yana cikin fassarar. Ƙwayar cutar tana toshe maƙogwaron cheopis, yunwa ta sa ta yi ta cizo tana amayar da ƙwayar, amma idan zafi ya wuce wajen digiri 27 toshewar ba ta cika kamawa ba.

Abin da ya fi kowace lamba muhimmanci shi ne a ga ƙumar daji, irin su Dinopsyllus ko Ctenophthalmus, a jikin ɓeran da aka kama cikin ɗaki, ko a ga cheopis a jikin ɓeran gona. Wannan ya nuna hanya a buɗe take tsakanin daji da gida.

Idan aka tarar ɓeraye ko kuregu suna mutuwa barkatai ba tare da an sa guba ba, a dakatar da aiki, kada a taɓa gawa, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na yankin a ranar. Kuma kada a bari mutanen gari su fara da gubar ɓera. Ƙuma ake fara kashewa, da garin maganin ƙwari a bakin ramuka, gindin bango da hanyoyin ɓera, sai bayan kwana biyu ko uku a juya kan ɓerayen. In aka kashe ɓera tukuna, ƙumarsa kan mutane za ta koma. A gwada maganin a kan ƙumar wurin kafin a saya da yawa, domin a Madagaska cheopis ta riga ta daina jin deltametirin a wurare da dama. Duk ɗan ayarin da ya yi zazzaɓi mai zafi cikin mako guda bayan aiki, musamman da ƙaluluwa mai ciwo a matsematsi, hammata ko wuya, ya je asibiti a ranar ya faɗi aikin da ya yi, domin magunguna irin su doksisaikilin da sifurofuloksasin suna aiki ne idan an fara da wuri. Zazzaɓin Lassa kuwa yana iya ɗaukar mako uku kafin ya nuna, don haka a ci gaba da auna zafin jiki har kwana 21 bayan an sauko.